Ƙwayar da na rantse ba ta fasuwa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da ke tudu da abin da ke cikin teku. Wannan takarda ta fito daga hannun Audu maƙerin fari, na Zangon Ankara a ƙasar Gwalkwas, zuwa ga ɗansa Salisu. Gaisuwa mai yawa, da so da yarda. Ina roƙon Allah ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa. Innarka tana gaishe ka, ko da yake na san jiya ma kun gana a bayan kasuwa, ita tana zaton ban sani ba.

Bayan haka, an ce mini ranar Asabar jirginku na Saliyo zai tashi. Yau wata guda ke nan da 'yan kwanaki rabon ƙafarka da gidan nan, tun ranar da na kira ka maƙaryaci a gaban dattawa a ƙofar masallaci. Kana kwana kan benci a shagon maigidanka mai haɗa magani, ga ɗakinka nan a share. Za ka haye teku ka yi shekaru kana koyon aikin magani, ni ban sa maka albarka ba, kai kuma ba ka zo nema ba. Abin nan yana cina, Salisu. Ni tsoho ne, ban san ko zan ga dawowarka ba, kuma ba na son ka hau ruwa da wannan magana tsakaninmu.

Da baki ya kamata in faɗa maka, amma ka san bakina, ya fi hannuna saurin ɓarna. Shi ya sa na zauna na rubuta. In ka ga baƙaƙen suna rawa ka yi haƙuri, za ka ji dalili nan gaba. Ba labarin gida zan ba ka ba, innarka ta riga ni. Kurakuraina zan zayyana maka, don su ne kayan da na fi tarawa a duniya, kuma gara ka gaje su a takarda da ka sake yin su da hannunka.

Na iso garin nan ina saurayi, bayan ayarin goro daga Salaga, lokacin Nasara ba su daɗe da dawo da gidan gwamnansu nan ba. Ƙira gadonta na yi, ubana maƙerin fari ne a Kano. Saboda haka da na sami aiki wurin Ata Kwashi, wani tsoho ɗan ƙabilar Ga, 'yan asalin garin nan, mai ƙera zinariya, na shiga shagonsa ina ganin ni zan koya masa. Mu a gidanmu da ido ake haɗa ƙarfe. Ka dubi azurfa, ka dubi tagulla, ka jinjina a tafin hannu, ka zuba a wuta. Shi kuwa tsohon nan ba ya taɓa komai sai ya ɗora a ma'auni. Har garin ƙarfen da magagari ke zubarwa, sai ya tara shi da gashin kaza a kan fata ya auna. Ina kallonsa ina cewa a raina, wannan rowa ta yi yawa.

Ran nan ya tafi jana'iza ƙauyensu, kuma ka san jana'izar mutanen nan ba ta yini ɗaya ba ce. Wata mai sayar da kifi ta kawo tsoffin kuɗin azurfa na uwarta, irin da ake kira liyari, ta ce a narka a yi mata munduwa. Na ce ta kawo, yau za a ga aikin Kano. Na haɗa da ido kamar yadda na saba, munduwa ta fito tana ƙyalli, matar ta tafi tana murna. Ba a yi wata ba ta dawo da wuyan hannu kore shar, tana ihu, rabin unguwa na biye da ita. A lokacin ban iya harshensu ba, amma zagi ba ya bukatar tafinta. Ta ce na sace mata azurfa na cika da tagulla. Wallahi ko ƙwaya ban ɗauka ba. Sai dai ba ni da abin da zan nuna, tunda ban auna abin da ta kawo ba, ban kuma auna abin da na ba ta ba.

Da Ata Kwashi ya dawo bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi munduwar, ya sa ta cikin wani ruwa mai cin ƙarfe, ya raba azurfa da tagulla a gaban matar, ya auna. Kowa ya san nauyin liyari, kuma azurfarta ta fito cif. Tagulla ce na zuba fiye da kima, idon nan nawa da nake taƙama da shi ne ya yaudare ni. Bayan mutane sun watse ya dube ni, ya ce da gurguwar Hausarsa:

"Audu, ido yana da aboki, yana da maƙiyi. Ma'auni ba shi da kowa."

Ya kuma ce ƙarfe ba ya ɓacewa a wuta, ɓuya yake yi, wanda ya auna shi ne zai san inda ya shiga. To, kai abin da za ka riƙa aunawa ba a hannu za a sa shi ba, ciki zai shiga. Ka auna sau biyu, ka rubuta. Ko maigida na tsaye a kanka yana cewa kai mai nawa ne, bar shi ya faɗa. Ranar da aka zarge ka, rubutun nan da ma'aunin nan su ne za su tsaya maka, ba rantsuwa ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, kuma ba ni da uzurin ƙuruciya, don a lokacin ina da shagon kaina, kai kana rarrafe. Ka san al'adar Zango, baƙo ba ya kwana a waje. Wani matafiyi daga can arewa ya sauka gidanmu, ya yi damina guda yana cin tuwonmu. Da zai tafi ya ja ni gefe, ya ba ni wata tsohuwar takarda, ya ce asirin mai da tagulla zinariya ne. Sharaɗinta ɗaya, kada wani ya gani, kada wani ya ji, in ba haka ba asirin ya mutu. Na karɓa da hannu biyu. Innarka ta lura ina ɓoye-ɓoye, ta matsa har na gaya mata kaɗan. Ta tambaye ni, in har mutumin nan ya iya yin zinariya, me ya sa da takalmina ya tafi. Na ce mata wannan ba maganar mata ba ce.

Shekara uku na yi a ɗakin baya. Takardar ta ce a haɗa zaiba, wannan farin ƙarfe mai gudu kamar ruwa, da farar wuta da wasu tarkace, a dafa a hankali. Na toshe taga da tsummoki don kada hayaƙi ya kai wa maƙwabta labari. Ranar da na fara goga zaiba a jikin tagulla na ga ta yi fari fat, sai da na yi sujadar godiya, na ce an kai azurfa, saura zinariya. Na sa a wuta, farin ya bi hayaƙi, tagullata ta dawo tana kallona. Duk lokacin da aiki ya ƙi, sai in nemo wa takarda uzuri. Ko ranar ce ba ta dace ba, ko alwalata ce ta karye, ko wani ne ya gitta ta ƙofa. Ban taɓa tuhumar takardar ba. Ma'aunin da Ata Kwashi ya bar mini kuwa yana rataye a bango, ba na ko son haɗa ido da shi, don na san abin da zai gaya mini.

Hayaƙin nan da na hana fita, ni na shaƙe shi. Haƙorana suka fara girgiɗi, miyau ya ƙi tsayawa, hannu ya kama rawa. Fushina ma ya ƙaru, ko da yake innarka ta ce wannan kam na gado ne, kada in ɗora wa zaiba. Wata safiya na tafi kasuwa sayen gawayi, ta ɗauki taɓarya ta ɓalle ƙofar, ta kwashe tukwanen da takardar ta kai bayan gari ta binne. Na dawo na tarar da ɗaki wayam, na tsaya ina kumfar baki. Ita ko a jikinta, tana tankaɗe, ta ce da Hausarta ta 'yan Zango:

"Ni zinariya ban so koraa, ko kaɗan. Miji mai haƙori nake so."

Kwana bakwai ban yi mata magana ba, alhali rayuwata ta ceto. Hannuna bai sake dawowa daidai ba. Ni da nake saƙa zaren azurfa siriri, na koma ƙera zobba da munduwa masu kauri, su ne kake gani tun tasowarka. Don haka duk ilimin da aka ce maka in wani ya gani zai mutu, ka guje shi. Abin gaskiya ba ya tsoron ido, ko mutum ɗari suka gwada haka zai fito. In kana dafa wani abu a ɗakin magani ka buɗe taga, kuma zaiba ko a kwalba ka gan ta ka girmama ta. In wani ya yi maka tambaya mai sauƙi ka ji ranka ya ɓaci, ka tsaya ka duba da kyau, galibi nan ɓarakar take.

Na uku kai ma ka san shi, amma ba ka san yadda yake daga ɓangarena ba. Da ka fara aiki a shagon magani ka riƙa dawowa da labarai daga takardun da jirgi ke kawo wa maigidanka. Kana zaton gyangyaɗi nake yi in kana magana. Bari in maimaita maka ka ga ko na ji.

Ka ce wajen shekara ɗari da suka wuce, wani malamin makaranta a ƙasar Ingila ya yi ta bin awon abubuwa, ya ga ba sa haɗuwa sai da ƙayyadadden gwargwado, kullum iri ɗaya. Daga nan ya ce lalle kowane tsantsar abu, zinariya ko tagulla ko farar wuta, yana da 'yar ƙwayarsa da ido ba ya gani, ƙwayar zarra, kowace da nauyinta. Wuta tana iya haɗa su, tana iya raba su, amma ba ta fasa ɗaya, ba ta kuma mai da ta wata. Ranar da ka faɗi wannan na tashi na shiga ɗaki na daɗe zaune. A cikin magana uku ka bayyana mini shekaruna uku. Baƙin ciki ya kama ni, na ce da wani ya gaya mini haka ina saurayi, da yanzu da haƙorana nake cin nama. Amma na ji daɗi kuma, don ɗana ne ya kawo mini amsar.

Ka kuma ba ni labarin wani mutumin Rasha da ya jera waɗannan abubuwa bisa nauyinsu, layi layi, yadda masu goro ke ware manya da ƙanana. Inda jerin ya nuna akwai abin da ba a samu ba tukuna, bai cusa wani don layi ya cika ba. Ya bar gurbin, ya ce za a same shi, ya ma faɗi kamanninsa, kuma daga baya aka samu. Mutumin nan ya burge ni. Ni da na ga gurbi a magana, kafin ka ƙifta ido na cika shi.

Ga abin da na yi da labarinka. Ina yaro a Kano na ɗan taɓa karatun tauhidi, na ji malamai suna maganar wani yanki na halitta da ba ya rabuwa, suna kiransa jauhari. Ban yi nisa a karatun ba, kalmar dai ta maƙale mini. Sai na ɗauki wannan na haɗa da wancan, da ido, yadda na haɗa munduwar mai kifi. Na tafi majalisarmu ta bayan la'asar a ƙofar masallaci, na ce wa dattawa Nasara sun yi shekara ɗari suna wahala da ma'auni, ashe inda malamanmu suka daɗe da zama nan suka iso. Abin ya yi wa mutane daɗi. Saje Mamman, tsohon sojan nan mai bakin tsiya, ya laƙaba mini Malam Zarra, ni kuma sunan ya zauna mini daram. Shekara biyu duk baƙon da ya sauka Zango sai na karanta masa, kullum ina ƙara gishiri. Har wata rana na rantse da Allah ƙwayar nan ba za ta taɓa fasuwa ba, na ce in an fasa ta a aske mini gemu. Limaminmu Malam Tanko bai ce komai ba sai "Allah ne masani", ni kuwa na ɗauka hassada ce.

Sai ranar nan. Ka zo majalisa fuskarka cike da fara'a, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaida kowa, ka ce kana da sabon labari. Nan kam kai ma da naka laifin, ɗaya ne tak, kuma zan faɗa maka don gaba. Ba a kawo wa babba gyara a gaban abokansa. Ka same shi a gida, shi kaɗai, bayan ya ci abinci. Ka riƙe wannan a Saliyo, don malamanka na can ma mutane ne.

Ka ce masu binciken sun sami kwalba sun zuƙe iskar cikinta, sun sa mata irin wutar da ke gudu a wayar tangaraho. Wani abu kamar haske ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan. Da suka kawo maganaɗisu sai ya karkata, haske kuwa ba ya yin haka, sai suka gane 'yan ƙwayoyi ne ke gudu. Suka yi dabarar auna su, suka ga sun fi zarra mafi sauƙi rashin nauyi fiye da sau dubu. Kuma ko wane ƙarfe aka sa a bakin kwalbar, irin ƙwayoyin nan ne ke fitowa. Ashe ke nan zarra tana da ciki. Ka ce an yi 'yan shekaru da gano haka, mu ne labari bai iso mana da wuri ba, kuma har yanzu ba su daidaita kan yadda cikin yake ba. Wasu na cewa ƙwayoyin a warwatse suke kamar gyaɗa cikin alewa, wasu na cewa kewayawa suke yi.

Kafin ka rufe baki Saje Mamman ya ce a aika a kira wanzami. Majalisa ta kwashe da dariya, har da waɗanda na zaci nawa ne. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kuma ni in na ji kunya fushi take zama. Na ce ƙarya kake yi, Nasara sun juya maka kai, ka tashi ka ba ni wuri. Ka miƙe, ka ɗauki takalminka a hannu, ka ce:

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Da ka mayar mini da baƙar magana da na sami abin riƙewa. Ba ka ba ni ba, kuma wannan ya fi komai damuna daga baya.

Na yi makonni ina gaya wa kaina addini na kare. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, Malam Tanko ya ce in raka shi gida. Muna tafe ya tambaye ni wa ya kawo mini labarin cewa zarra ba ta fasuwa. Na ce Salisu. Ya ce wa ya kawo na cewa tana da ciki. Na ce Salisu. Ya ce daga ina ya samo su, na ce duka daga takardun shagon nan ne. Sai ya tsaya a bakin hanya, ya bar wata mai tallan dokono, tuwon masaran garin nan, ta wuce, ya ce:

"To, Audu, da wane ma'auni ka karɓi na fari ka ƙi na biyu? In an fasa ƙwaya an sami wata a ciki, Wanda Ya yi ta waje Shi Ya yi ta ciki. Addini bai aike ka ba. Gemunka ka tsaya karewa."

Na raka shi har ƙofar gidansa. Na farko ya yi mini daɗi na karɓa, na biyu ya kunyata ni na ƙi, ban auna ko ɗaya ba. Tsohon nan Ata Kwashi ya gaya mini wannan tun ina da baƙin gashi, sai ga ni da furfura na sake faɗawa ramin.

Kada ka ɗauka yanzu na gamsu da kwalbarsu. Ban gan ta ba, ban san ko haka abin yake ba, wataƙila gobe wani ya zo ya gyara musu. Amma na zauna na yi tunanin yadda mutanen nan suke aiki, kuma na ga abin koyi. Wani ya gina, na bayansa ya zo ya ƙwanƙwasa ya ji inda ya yi rauni, ya rushe wurin ya sake ginawa. Ba sa toshe taga. Abin da suka gani sai su rubuta, su sa a jirgi ya zaga duniya, don duk mai ja ya gwada da hannunsa. Na tabbata a cikinsu ma akwai tsofaffi masu gemu irina da suka yi fushi da aka taɓa musu zarrarsu. Duk da haka aikin bai tsaya jiransu ba. Innarka ta ce wai tun kana gida ka gaya mata har an sami wani abu da ke rikiɗa da kansa ya zama wani abu dabam, ba wuta ba zuga-zugi. Wannan kam kada ka ba ni sauran bayaninsa, kada tsohuwar cuta ta tashi, don taɓaryar tana nan.

Saboda haka ka koyi faɗin "ban sani ba", kalma ce da ba ta taɓa zubar da haƙorin kowa ba. Abin da ka sani ka riƙe shi da kyau, amma kada ka rantse a kansa, kada kuma ka bari a yi maka laƙabi da shi, don ranar da za ka sake shi sai ka ji kamar fatarka ake ɗayewa. In ƙaraminka ya fi ka gaskiya ka ba shi tun da zafinta, kowace rana ka ƙara nauyinta ƙaruwa yake. Mun saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne a sha'anin mutane da zaman duniya. Amma ban taɓa jin wanda ya hango cikin kwalba daga kan buzunsa ba. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ko kai kaɗai ne Musulmi a wurin. Karatun nan ba zai rage maka imani ba in ba kai ka jingina imaninka a kan ƙwaya ba, kamar yadda na yi. Ka nemi mutanenmu a can ka gaishe su, akwai masu goro da ke zuwa. Ka riƙa aiko wa innarka takarda, ni zan karanta mata, in ya so ka sa mini layi biyu a ƙasa. In za a fitar da ku zuwa jirgi a kwale-kwale, ka zauna tsakiya ka riƙe katako, kada ka tashi tsaye don nuna jarumta, igiyar ruwan garin nan ba ta san ɗan kowa ba.

Saura abu ɗaya. Jiya bayan la'asar na je majalisa. Rabona da zama a wurin tun ranar, salla kawai nake yi in wuce. Na jira sai da duk waɗanda suka ji na ƙaryata ka suka hallara, har da wani mai goro da ya tsaya kallo. Na miƙe tsaye na ce musu ɗana Salisu bai yi ƙarya ba. Na ce abin da ya karanta shi ya faɗa, ni ne na yi rantsuwa kan abin da ban sani ba, da aka kama ni kuma na huce a kan yarona. Saje Mamman ya buɗe baki zai yi halinsa, ya dubi fuskata, ya fasa. Liman ya ce gemu ya zauna inda yake, in je in ciyar da miskinai goma kaffarar rantsuwa, kuma innarka ta riga ta ɗora tukunya. Na zaci zan mutu don kunya, sai ga shi na taka zuwa gida da sauƙin jikin da na daɗe ban ji ba.

A gidan da na tashi uba ba ya neman gafarar ɗansa, ban taɓa jin nawa uban ya yi ba. Ni zan yi. Na zalunce ka a gaban mutane, Salisu, ka yafe mini. Kai kuwa ba ka yi mini komai ba, wanda ka yi ma na yafe duniya da lahira.

Albarkata kuma ga ta nan, na rubuta ta don kada ta jira zuwanka. Allah Ya yi maka albarka. Ya buɗe maka ƙirji, Ya sa iliminka ya amfani marasa lafiya, Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokai na gari. Allah Ya kwantar muku da teku, Ya sauke ku lafiya, Ya tsare ka daga ciwo da sharrin mutum, Ya dawo mana da kai muna raye, in kuma Ya ƙaddara akasin haka, ka sani na tafi ina mai yarda da kai.

In ka zo gida kafin Asabar, kada ka tsaya sallama a zaure kamar baƙo, ka shigo kai tsaye. In kunya ta hana ka, ba komai, na san inda ka gado ta. Zan zo bakin ruwa da kaina tun da sassafe, in tsaya inda ake hawa kwale-kwale, kuma ba zan bari ka shiga ba sai na ɗora hannuna a kanka.

Aminci ya tabbata a gare ka.

Ubanka, Audu.